Gwajin RAM da Kunne: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Mai Amfani da Manhajar Karanta Allo?

Mai ido idan kwamfutarsa ta faɗi, allo ne yake komawa shuɗi ko baƙi, ya karanta abin da aka rubuta masa. Mu makafi kuwa shiru muke ji. Kana tsakiyar rubutu, NVDA, manhajar karanta allo, tana karanta maka layi, sai muryar ta ɗauke ɗif, ko ta maƙale a kan gaɓa ɗaya tana ta nanatawa. Can sai ka ji fanka ta ƙara gudu, sannan ƙarar tashin Windows. Idan abin ya faru sau ɗaya, sai ka ce tsautsayi. Idan ya zama kullum, ga fayil ɗin da ka sauke jiya ya ƙi buɗuwa, ga burauza tana rufe kanta ba dalili, to RAM tana cikin waɗanda za a fara tuhuma.

RAM ita ce ma'adanar wucin gadi, inda kwamfuta take shimfiɗa duk abin da take aiki da shi a lokacin. Windows a ciki take zaune, haka NVDA ko JAWS, haka muryar da ke magana a kunnenka. A nan matsalarmu take. Wanda zai yi wa ɗaki daɓe sai ya fitar da kaya waje tukuna. Gwajin RAM na sosai ma haka yake, sai an fitar da Windows gaba ɗaya, kuma da ta fita muryar ta bi ta. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowace manhajar gwaji ba ita ce tambayar da mai ido yake yi ba. Shi zurfin binciken ya dame shi. Ni kuwa kafin zurfi sai na tambaya: zan iya kunna ki ba tare da na nemi a duba mini allo ba? Idan kin gama, a ina za ki ajiye mini sakamako a rubuce, inda zan dawo in saurara?

Kafin gwajin lafiya, san yawanta

Mutane kan haɗa abu biyu. Sanin yawan RAM daban, sanin lafiyarta daban. Na farkon ba shi da wahala ko kaɗan. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32, ka bi jerin da kibiya har ka ji inda aka faɗi yawan RAM da aka saka. Wanda ya girka ƙarin nan na NVDA mai suna Resource Monitor, danna maɓallin NVDA da Shift da 2 kawai zai yi, a gaya masa nawa ake amfani da shi cikin nawa. Idan kuma kana son sanin sandar RAM nawa ce a ciki, da gudun kowace, buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta:

Get-CimInstance Win32_PhysicalMemory | Format-List Capacity, Speed, DeviceLocator

Za ka ji doguwar lamba, kada ta ruɗa ka: 8589934592 shi ne gigabait 8, 4294967296 kuma gigabait 4. Idan wani wuri ya ce maka 7.8 ne kake iya amfani da su cikin 8, ba cuta aka yi maka ba, ɓangaren hoto ne ya yanki rabonsa.

Duk wannan ƙidaya ce. RAM mai ciwo ma za ta faɗi yawanta daidai.

Gwajin da ya zo tare da Windows

Sunansa Windows Memory Diagnostic, kuma ba sai ka sauke komai ba. Windows da R, ka rubuta mdsched, ka danna Enter. Akwatin da zai fito manhajar karanta allo tana karanta shi tsaf: ko a sake kunna kwamfutar yanzu a yi gwajin, ko a bari sai tashi na gaba. Ka adana aikinka, ka zaɓi na farko. Daga nan sai shiru. Gwajin yana fara kansa, yana zagaye biyu a matakin tsakiya, idan ya gama kuma shi da kansa zai mayar da kai Windows. Babu maɓallin da dole sai ka danna a tsakani, kuma wannan ne babban abin da ya sa nake fifita shi a matsayin matakin farko. A laftof mai gigabait 8, yawanci ina shan shayi in dawo in tarar ya kusa gamawa. Idan RAM ta fi haka yawa ko injin tsoho ne, ka ƙara haƙuri.

Ana cewa sakamakon yana fitowa a matsayin sanarwa bayan ka shiga. Sau da yawa sanarwar takan wuce kafin muryarka ta gama tashi, wani lokacin ma ba ta fitowa. Kada ka dogara da ita. Sakamakon yana nan a rubuce cikin Event Viewer, a kundin System, ƙarƙashin suna MemoryDiagnostics-Results. Amma yawo cikin dubban layukan wannan kundi da kunne aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa na fi son layi ɗaya a PowerShell:

Get-WinEvent -FilterHashtable @{LogName='System'; ProviderName='Microsoft-Windows-MemoryDiagnostics-Results'} | Format-List TimeCreated, Message

Ka rubuta shi sau ɗaya, ka ajiye a fayil, duk ranar buƙata sai kwafa da liƙawa. Zai karanta maka lokacin gwajin da hukuncin da aka yanke. Ka kula da lokacin sosai, domin kada ka ɗauki sakamakon bara a matsayin na yau.

Akwai mataki mai zurfi da ake kira Extended. Ana shigarsa ta danna F1 bayan gwajin ya fara, sai kibiyar ƙasa sau ɗaya, sai F10. Makaho zai iya yin haka da hadda, sai dai ba abin da zai tabbatar maka cewa dannawar ta shiga, kuma matakin yana cin sa'o'i. Ni ban cika ba da shawararsa ba. Lokacin da za ka kashe a kansa gara ka kashe shi a kan manhajar da ke tafe.

Raunin gwajin Windows shi ne bai da naci. Idan ya ce akwai matsala, ka yarda, akwai ta. Idan ya ce babu, abin da yake nufi kawai shi ne bai gani ba a zagaye biyu. Na taɓa zama da laftof ɗin wani ɗalibina da ke mutuwa kusan kullum da rana, gwajin Windows ya wanke ta har sau biyu, sai da aka bar ta kwana guda a hannun MemTest86 kurakurai suka bayyana. Irin wannan ciwon da sai inji ya ɗau zafi yake tasowa, gwajin rabin sa'a ba ya kama shi. Kuma ko da ya kama, ba zai gaya maka wace sanda ce ba.

MemTest86 da Memtest86+: suna ɗaya, hali daban

Waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa ake rikita su. Chris Brady ne ya rubuta MemTest86 a 1994, kamfanin PassMark na Ostireliya ya saye ta a 2013, kuma yau tana da ta kyauta da ta kuɗi. Memtest86+, mai alamar tarawa a ƙarshe, reshe ce da Samuel Demeulemeester ya ɓalle da ita, kyauta ce gaba ɗaya, ta yi shekaru a kwance kafin a farfaɗo da ita da fitowa ta 6 a 2022. Duka biyun daga filash suke tashi, ba ruwansu da Windows, don haka kusan duk RAM ɗin suke taɓawa. Duka biyun ba sa magana. A wajen mai ido bambancinsu kaɗan ne. A wajenmu kuwa bambancin ya kai a tsaya a kansa.

Na farko, shiga. Kwamfutocin zamani suna da wani mai gadi da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin manhaja ta tashi sai da sa hannun da ya sani. MemTest86 ta PassMark tana da wannan sa hannun, tana wucewa salin alin. Memtest86+ da aka sauke daga shafinta ba ta da shi, sai ka shiga saitin BIOS, wato saitin injin da ke tashi kafin Windows, ka kashe mai gadin, kuma saitin BIOS wuri ne da babu murya ko ɗaya. Ga wani tarko a kan wannan: idan faifan ajiyarka a kulle yake da BitLocker, taɓa Secure Boot na iya sa Windows ta tsaya tana neman lambar ceto mai alƙaluma 48, a wani allon da shi ma ba ya magana. Duk wanda zai gwada ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, ya fara nemo lambar nan ya ajiye a wayarsa, ko ya dakatar da BitLocker na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar da ta yi shiru bai san me take nema ba, ya san abin da nake nufi.

Na biyu, sakamako. MemTest86 tana rubuta abin da take yi a cikin filash ɗin da ta tashi daga kai. Idan ka koma Windows, ka buɗe folda EFI, sannan BOOT, za ka tarar da fayil mai suna farawa da MemTest86, ƙarshensa .log, wanda Notepad ke buɗewa, NVDA kuma ta karanta. A ƙarshen gwaji ma takan tambaya ko a adana cikakken rahoto, amsar kuwa harafin Y ce, rahoton kuma a burauza ake buɗe shi kamar kowane shafi. Memtest86+ ba ta ajiye komai. Abin da ta gano a allo yake, da ka danna Esc ya tafi. Wannan kaɗai ya isa ya sa in ce makaho mai kwamfuta ɗaya ya ɗauki ta PassMark. Ta kyautar tana fara gwaji da kanta bayan 'yan daƙiƙu idan ba ka taɓa komai ba, tana zagaye huɗu ta tsaya, kuma huɗun sun wadatar ga yawancin matsaloli. Saita ta ta yi komai da kanta har rufewa, wannan sai a ta kuɗi.

Ban ce a jefar da Memtest86+ ba. Tana da wurare biyu da ta fi 'yar'uwarta. MemTest86 ta yanzu sai kwamfuta mai UEFI, sabon tsarin da ya gaji BIOS, ita kuwa Memtest86+ tana tashi har a tsofaffin injuna masu BIOS na da, irin waɗanda har yau suke aiki a makarantu da shagunan buga takardu. Sannan tana iya tura abin da ke allonta ta tsohuwar kafar nan ta siriyal, idan aka ƙara mata console=ttyS0,115200 a layin tashi. Mai tsohuwar kwamfutar tebur irin ta ofis, da kebul mai haɗa injuna biyu, da laftof ta biyu mai PuTTY, manhajar da ke karɓar abin da aka turo ta siriyal, zai iya sauraron gwajin yana gudana. Hanya ce ta gaske, amma tana buƙatar kayan da yawancinmu ba mu da su, kuma allon yana sabunta kansa ba ƙaƙƙautawa, sai ka kashe karatun kai tsaye ka riƙa leƙawa da kanka.

Ga wanda ba shi da waɗannan kaya, wayar salula ce idonsa. Seeing AI ta Microsoft, wadda ta fito a iPhone a 2017 ta iso Android a ƙarshen 2023, ko Lookout ta Google, duk suna karanta rubutun da kyamara ta hango. A nan Memtest86+ ta yi mana alheri ɗaya: idan ta kammala zagaye tana fito da PASS ko FAIL da manyan haruffa a tsakiyar allo, kuma ba ta tsayawa sai ka tsayar da ita, don haka ba ka da gaggawa. Ka rage hasken ɗaki, ka riƙe wayar kamar kamu biyu daga allon. Idan karatun ya cakuɗe, kira ɗaya a Be My Eyes, manhajar da ke haɗa makaho da mai ido ɗan sa kai ta bidiyo, ya wadatar, ka ce wa mai taimakon ya karanta maka lambar da ke gaban kalmar Errors. Sifili kake son ji.

Saura yadda za a tayar da filash ɗin. Rubuta manhajar a kansa da Rufus abu ne mai sauƙi da NVDA, sai dai ka tuna duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge. Wajen tashi, akwai maɓallan hadda: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, amma jerin da ke fitowa ba ya magana, kuma matsayin filash a jerin yana canzawa daga inji zuwa inji. Hanyar da ta fi mini ita ce ta cikin Windows: ka danna Windows da R, ka rubuta shutdown /r /o, kwamfutar ta kai ka allon gyara, ka kunna Narrator, manhajar karanta allo ta Windows, da Ctrl da Windows da Enter, ka zaɓi tashi daga na'ura. Idan lasifikar laftof ta ƙi magana a wannan allon, abin sauraro mai shiga kafar USB yakan yi.

Sai maganar wuta. Zagaye huɗu sa'o'i ne, ba mintuna ba, kuma injin yana aiki da ƙarfinsa duka, batir ba ya jurewa. Ka zaɓi daren da kake da tabbacin wuta ko sola, ka ɗora laftof ɗin a kan tebur, ba katifa ba.

Gwajin da muryarka ba ta ɗaukewa

Akwai hanya ta uku, wadda ta fi kwantar wa makaho da hankali ko da ba ta fi zurfi ba: a gwada RAM alhali tsarin yana kunne. A Linux manhajar ita ce memtester ta Charles Cazabon. Ko ba ka girka Linux ba, kana iya tayar da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filash, Secure Boot ba ya hana ta, ka danna Windows da Alt da S, Orca, manhajar karanta allo ta Linux, ta fara magana. Ka girka memtester da apt, wanda ke buƙatar ɗan data, sannan:

sudo memtester 5G 3 > sakamako.txt 2>&1; spd-say "an gama"

Wato ta karɓi gigabait 5, ta zagaya sau 3, ta zuba komai a fayil, idan ta gama kwamfutar ta yi maka magana. Zubawa a fayil ɗin dole ne, domin in ba haka ba Orca za ta yi ta karanta wasu alamomi masu juyawa har kanka ya yi ciwo. Bayan nan ka nemi kalmar FAILURE a cikin fayil ɗin. Idan babu, kowane gwaji za ka ji an rubuta ok a gabansa.

Iyakarta a fili take. Wurin da Linux da Orca suke zaune ba za ta taɓa shi ba, idan ciwon a can yake ya tsira. Kuma kada kwaɗayi ya sa ka ba ta duk abin da ke akwai. Ka duba da free -h, ka bar wa tsarin aƙalla gigabait ɗaya da rabi, in ba haka ba injin zai sandare, muryar da kake tattali ta ɗauke. A Windows akwai makamanciyarta, HCI MemTest, amma ta kyautar ƙaramin kaso take karɓa a buɗewa ɗaya, sai ka buɗe kwafi da yawa kana bin kowanne da Alt da Tab. Tana aiki, sai dai ni memtester ta fi mini tsabta, saboda sakamakonta rubutu ne zalla a wuri guda.

To wacce za ka ɗauka?

Ya danganta da inda kake tsaye. Idan a gida kake, kwamfutarka ce take faɗuwa, fara da mdsched yau ɗin nan. In ya kama kuskure, magana ta ƙare, ka huta da sauran. In ya wanke ta amma faɗuwar ba ta daina ba, MemTest86 ta PassMark, dare guda, da safe ka karanta fayil. Memtest86+ sai ga tsohon inji, ko ga mai kayan siriyal, ko wanda hannunsa ya faɗa da kyamarar waya. Memtester kuma ga ɗan Linux, ko wanda Windows ɗinsa ta lalace har ba ta tashi, yana son ya sani ko RAM ce kafin ya ɓata yini yana sake girkawa.

Idan kuwa a kasuwa kake, a Farm Centre ta Kano ko wani shagon kwamfutocin hannu, lissafin ya canza. Ba mai shagon da zai jira ka sa'a huɗu, kuma ba a cinikin biri a sama. Ka je da NVDA ta tafi-da-gidanka a filash, ka ji yawan RAM da kunnenka, kada ka tsaya ga abin da aka gaya maka. Ka sani cewa irin wannan kwafin na NVDA ba ya karanta tagogin da ke gudana da ikon mai gudanarwa, kuma Task Manager da Event Viewer suna cikinsu a yawancin injuna. Shi ya sa msinfo32 da layukan PowerShell ɗin can suka fi amfani a shago, in kuma ta kama, Narrator tana nan. Ka roƙi a bar ka ka yi mdsched kuna ciniki. Sannan abin da ya fi duka muhimmanci, ku yi magana a gaban shaida cewa kana da kwana biyu ko uku na dawowa da ita idan gwajin dare ya nuna matsala. Mai kayan kirki ba ya ƙin wannan sharaɗin.

Idan kuskure ya fito

Kuskure ɗaya tak ya isa, babu wani adadi da ake yafewa. Amma kada ka yi saurin sayen sabuwar sanda, domin wani lokaci zamanta ne bai daidaita ba, ko ƙurar hunturu ta shiga ramin, ko ramin kansa ne ya lalace. Wannan ɓangaren aikin hannu ne, kuma hannu namu ne. Ka kashe kwamfutar, ka cire caja da batir idan mai fita ne, ka taɓa ƙarfe don sauke lantarkin jikinka. A laftof sandar tana kwance, da 'yan ƙarafa biyu a gefe suna riƙe da ita. Ka buɗa su waje, za ta ɗago da kanta a karkace, ka zare ta kana riƙe da gefuna. Ka shafa gefen haƙoran a hankali za ka ji wata 'yar tsaga wadda ba a tsakiya take ba. Ita ce ke hana a saka ta a juye, ita ce kuma ke hana DDR3 shiga ramin DDR4, don haka in ta ƙi shiga kada ka tilasta. Wajen mayarwa, ka tura ta a karkace har ta zauna, ka danna ƙasa sai ka ji ƙas.

In sanda biyu ce, ka gwada kowace ita kaɗai a rami ɗaya, ka liƙa ɗan salatif a bayan wadda ka fara gwadawa domin kada su rikice maka. Wadda ta faɗi a ramin da 'yar'uwarta ta wuce, ita ce mai ciwon. In duka biyun sun faɗi a rami ɗaya suka wuce a ɗayan, ramin ne. Siraran laftof da yawa kuwa RAM ɗinsu a liƙe take da dalma a jikin babban allon injin, ba abin da za ka zare. Irin wannan sai wurin mai gyara, ka tafi masa da fayil ɗin sakamakon a filash.